Kundin Lambun Ruwa a Katsina: Latas Ba Ƙasa, Tarwaɗa a Tanki

6 ga Oktoba, 2024

Damina ta ɗauke. An share fili mai mita 6 da mita 4 a bayan gida, ta wajen Ƙofar Ƙaura. Hanyoyi biyu za a gwada gefe da gefe. Ta farko akwatunan ruwa tsayayye, dabarar da Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi ya bayyana: ba famfo, ba lantarki, a zuba ruwan taki sau ɗaya shuka ta yi ta sha har girbi. Ta biyu akwafonik: kifi a tanki, ruwan da suka ɓata ya zagaya cikin kwamin tsakuwa, shuka ta tsotse, ruwan ya koma musu a tace.

An samo tankunan roba uku masu kejin ƙarfe, lita 1,000 kowanne. Kafin a biya kuɗi sai an san abin da tankin ya taɓa ɗauka. Wanda ya ɗauko man girki ko ruwan sukari wanki ya ishe shi. Wanda ya ɗauko maganin feshi ko sinadarin masana'anta a bar wa mai shi abinsa, roba na shan guba tana sakinta a hankali. Tanki ɗaya na kifi ne. Na biyu za a yanke samansa da ƙasansa a sami kwami biyu masu zurfin santimita 30. Na uku ya ba da kwami ɗaya, ragowarsa ya zama tankin ƙasa inda ruwa ke taruwa. Kowane kwami mita 1.2 ne da mita 1, jimillar wurin shuka murabba'in mita 3.6.

13 ga Oktoba

Tsakuwar dutse aka zuba, mai girman santimita 1 zuwa 2. An fara ɗiga binega a kan 'yan ƙwayoyi. Da ta yi kumfa, da alamar dutsen farar ƙasa ne, wanda zai riƙa ɗaga pH, ma'aunin tsamin ruwa da ke hawa in tsami ya ragu, har abada. Ba ta yi ba. Wankinta shi ne aikin wahala: a kwando, kaɗan-kaɗan, har ruwan ya fito garau. Ƙurar da aka bari famfo za ta kashe.

Saifon kowane kwami, wato abin da ke zuƙe ruwansa da kansa in ya cika, fayif uku ne, ɗaya cikin ɗaya. Na tsakiya inci 1, tsayinsa santimita 25 daga ƙasan kwami, shi ke iyakance inda ruwa zai kai, ya bar santimita 5 na saman tsakuwa a bushe don kada gansakuka ta fito. A kife masa na inci 3 mai murfi a ka, wanda muke kira hula, an yi masa haƙora a gindi. Sai na inci 4 mai huji-huji da ke tare tsakuwa. Ruwa na cika ya malala cikin na tsakiya, ya ja iskar da ke cikin hula, kwamin ya zuƙe gaba ɗaya, iska ta shiga ta haƙoran ta katse zuƙar. Tsakuwa ta cinye wuri, don haka ruwan da kwami ke ɗauka bai wuce lita 120 ba. Da shigar lita 500 a awa yana cika a kusan minti 15.

Saifon na da ciwo iri biyu, kuma maganinsu kishiyoyin juna ne. In ruwa na tsiyaya ta fayif amma zuƙa ta ƙi kamawa, ruwan da ke shiga ya yi kaɗan: a ƙara buɗe bawul, ko a sa gwiwa a ƙarshen fayif ɗin fita ta ɗan riƙe ruwan. In ta kama ta ƙi saki, ana jin ƙwarrr ba tsayawa, ruwan ya yi yawa ko haƙoran hula sun yi ƙanana. Kwami na uku ya yi wannan na biyun, an faɗaɗa haƙoransa zuwa santimita 2 ya daidaita. Dole kuma tankin ƙasa ya iya karɓar lita 360 a lokaci guda, don akwai ranar da kwamin uku za su zuƙe tare.

Tsakanin tankin kifi da kwami an sa durom na lita 200. Ruwa na shiga ta gefe yana juyawa, kashi ya kwanta a ƙasa, a buɗe bawul a zubar. Tarwaɗa na da yawan kashi. In babu wannan durom, cikin 'yan watanni tsakuwa za ta toshe ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai.

20 ga Oktoba

Ruwan rijiyar burtsatse aka cika da shi, kimanin lita 1,500. Awonsa pH 7.7, EC, ma'aunin gishirin da ke narke a ruwa, 0.4. Mai amfani da ruwan famfon gari, wanda ake tacewa daga Dam ɗin Ajiwa, ya ajiye shi a buɗe kwana biyu kulorin ya fita, don kulorin na kashe bakteriyar da ake nema.

Lissafin wuta: famfon ruwa wat 35, injin iska wat 15, wat 50 kenan dare da rana, awannin-wat 1,200 a yini. An sa faifan sola na wat 400 da batir mai bolt 12, amfiya 200. Rabin irin wannan batir kawai ake ci in ana so ya daɗe, kuma rabin ya isa dare da rara. Duka injinan masu cin wutar batir kai tsaye ne, ba sai da inbata ba. Ba a jingina da wutar gari ba ko kaɗan.

Ba a sa kifi yanzu. Kashin kifi da numfashinsa amoniya suke saki, guba ce. Wani rukunin bakteriya, su Nitrosomonas, ke mayar da ita naitirayit, ita ma guba. Wani rukunin, su Nitrospira da Nitrobacter, ya mayar da wannan naitiret, abincin shuka. Sai sun zauna a jikin tsakuwa kafin tankin ya zama gidan kifi. An ɗebo bokiti guda na lakar matata daga wurin wani mai kiwon tarwaɗa da kifinsa ke lafiya, an watsa a kwami, ana kuma jefa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe, ana riƙe amoniya wajen miligiram 2 a lita.

3 ga Nuwamba

Amoniya ta fara sauka, naitirayit ta haura miligiram 5 a lita, launin kwalbar gwaji ya yi shuɗi-ja sosai. Haka ya kamata. Nan ne mutane ke ƙosawa su zuba kifi, washegari su kwashe gawa.

An shuka irin latas a soson katifa da aka yanka santimita 2.5, an tsaga kowanne a ka. Irin latas na ƙin tsirowa in zafi ya kai digiri 30, kuma ranar Nuwamba a nan tana wuce haka. Don haka da magariba aka shuka, aka ɗora faranti a kan jiƙaƙƙen buhu kusa da randa. A kwana na uku ya tsiro. Daga nan sai a fito da shi hasken safe, in ba haka ba ya yi tsawo ya langaɓe. A rufe da raga, ƙadangaru na iya share faranti guda kafin azahar.

Akwatunan Kratky huɗu ne, na katako, mita 1.2 da santimita 60, zurfi santimita 20, an shimfiɗa baƙar leda mai kauri ninki biyu. Ruwa santimita 15 ya ba da lita 108. Murfin falwud ne da aka shafa wa farin fenti, huji 15, a kowanne kofin roba da aka tsattsaga gindinsa. Kowane kan latas na da lita 7. A ƙasashe masu laima lita 4 zuwa 5 kan isa, amma iskar hunturu ba ta san wannan lissafin ba.

Taki a kowace lita 100: giram 50 na garin taki mai lamba 4-18-38, giram 25 na gishirin maganiziyam, giram 50 na kalsiyam naitiret. A narka na farko da na biyu, a zuba, a motsa, sannan a narka kalsiyam shi kaɗai a zuba daga ƙarshe. In aka haɗa su da kauri a kwano ɗaya, kalsiyam ya kama salfet da fosfet su zama farar laka da shuka ba ta iya sha. An sauke pH zuwa 6.0 da ɗigon asid na fosforik. Ruwan lemun tsami na saukewa, amma kwana ɗaya biyu ya koma inda yake. NPK 15-15-15 na gona ba ya wannan aikin: ba ya narkewa duka, ba kalsiyam ɗin kirki, ba ƙananan sinadarai, kuma amoniyarsa ta yi wa saiwar da ke cikin ruwa yawa.

21 ga Nuwamba

Amoniya 0, naitirayit 0, naitiret wajen 20. An kawo 'ya'yan tarwaɗa 30 masu nauyin giram 40 ko kusa da haka, kai ɗaya. An bar jarkarsu ta yi iyo a tanki rabin awa, ana ƙara mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, ba a ba su abinci ba sai washegari. An ɗaure raga a baki, tarwaɗa na tsalle da dare.

Yawan abincin da kifi ke ci shi ke faɗin yawan shukar da za a iya ɗauka, ba yawan kifin ba. Littafin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2014 kan ƙananan akwafonik ya ba da giram 40 zuwa 50 a yini ga kowane murabba'in mita na ganye, giram 50 zuwa 80 ga masu 'ya'ya kamar tumatir. A kwaminmu uku giram 180 kenan in komai ya kankama. Yanzu kifin giram 50 kawai suke ci, saboda haka kwami ɗaya aka dasa da latas, na biyu aka yafa masa lansir, na uku aka bar shi. An dasa akwatunan Kratky duka, ruwa na taɓa gindin kofi da santimita ɗaya.

8 ga Disamba

Sabbin ganyen latas ɗin kwami sun yi ɗorawa, jijiyoyinsu na nan kore. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma pH 7.5 ya jawo shi. Wurin da alamar ta fito shi ne abin dubawa. Ƙarfe a sabon ganye yake nunawa. Maganiziyam irin wannan zanen yake yi amma a tsohon ganye. In tsohon ganye ya koɗe gaba ɗaya har jijiya, naitirojin ne. In bakinsa ya ƙone, fotasiyam.

Abincin kifi ba ya kawo isasshen ƙarfe, sai an ƙara. Ana neman miligiram 2 a lita, giram 3 a lita 1,500. Garin ƙarfen da aka samu nau'in EDDHA ne mai kashi 6 cikin ɗari, giram 50 kenan. Ya rina ruwan ja kamar zoɓo, kifi ba ruwansu. An zaɓe shi don nau'in EDTA, da ya fi araha, ba ya aiki sosai in pH ya wuce 6.5. Jefa tsatsattsun ƙusoshi a tanki ɓata lokaci ne.

26 ga Disamba

Hunturu ya kama sosai. Da asuba ruwan tankin kifi digiri 18, da la'asar 22. Tarwaɗa sun kwanta a ƙasa, sun rage ci da fiye da rabi. Kifin nan tsakanin digiri 26 da 30 yake so. Bakteriya su ma sun yi sanyin jiki, amoniya ta leƙo 0.5. An rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti goma, sau ɗaya, da azahar lokacin da ruwa ya ɗan ɗumama. Wanda ya rage a saman ruwa a kwashe.

Kwamin da kansu ke sanyaya ruwan. Duk zuƙa ɗaya busasshiyar iska ta ratsa jiƙaƙƙiyar tsakuwa ta kwashe ɗumi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Da rana wannan alheri ne, da dare hasara. Yanzu bayan isha'i ana cire hular saifon, ruwa ya tsaya a cike yana malala ta fayif ɗin tsakiya, injin iska na aiki, da safe a mayar. An kewaye tankin kifi da buhunan ɓuntun shinkafa, an rufe samansa da tsohon bargo a kan katako, an kafa zana ta arewa maso gabas inda iskar ke fitowa. Ruwan asuba ya koma 21.

A wannan sanyin da ya hana kifi ci, latas ya samu abin da yake so. An girbe na Kratky, kai 57 cikin 60, akasari giram 200 zuwa 250, ganye mai ƙaras-ƙaras, ba yashi a gindi. Na kwami ya fi ƙanƙanta don takinsa ya ragu da cin kifin. Ukun da suka mutu a akwati ɗaya suke, kuma ƙarin ruwa ya kashe su. Yayin da ruwa ke sauka, saiwar sama na zama a sarari tana shaƙar iska, fara tas mai gashi-gashi. In aka cika akwatin har baki sai ta nutse, latas ya yi yaushi cikin yini ɗaya alhali yana tsaye cikin ruwa. In ƙari ya zama dole, kada ya wuce rabin tsawon saiwa.

A duba murfin akwati da kyau. Duk hujin da ba kofi a toshe shi, tsayayyen ruwa gidan sauro ne.

19 ga Janairu, 2025

Famfo ya tsaya kafin asuba kwana biyu a jere. Batir lafiyarsa ƙalau, ƙura ce ta lulluɓe faifan sola, ga hazo ya rage rana. Yanzu kullum da safe ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tafiya a iska ya kai jarka biyu a yini.

Darɓa ta sauka a bayan ganyen latas. Maganin feshin gona haramun ne a nan, irin su saifametirin ɗan kaɗan ya isa ya kashe tanki guda. An tsinke ganyen da suka fi kamuwa, an wanke sauran da ruwa mai ƙarfi, an rataya guntayen roba ruwan ɗorawa da aka shafa wa giris don farin ƙuda. Ruwan 'ya'yan bedi na aiki, amma shi ma ba abokin kifi ba ne. A akwatunan Kratky kawai ake fesa shi, da yamma.

An tantance kifin. Uku sun yi wa sauran nisa, biyu sun ɓace ba gawa, ba sai an tambayi inda suka shiga ba. An ware manyan a wani durom daban.

9 ga Fabrairu

Latas ɗin azumi zubi biyu ne: na farko an dasa 28 ga Janairu, na biyu zai shiga mako mai zuwa. Kifi sun dawo ci, giram 120 a yini, an koma ƙwaya mai milimita 4. An dasa tumatir huɗu a kwami na uku. Aikin bakteriya na saukar da pH da kansa, yanzu 6.9, kuma ruwan burtsatsen da ake ƙarawa na riƙe shi a nan. In ya faɗi ƙasa da 6.4 za a rataya dakakken ɓawon ƙwai a tsumma cikin tankin ƙasa. Ban da kanwa. Tana ɗaga pH, amma sodiyam ɗinta na taruwa ba mai cinye shi.

14 ga Maris

Azumi ya kama 1 ga wata, zubin farko ya fito daidai lokacin da kowa ke neman latas na buɗa-baki. Zubi na biyu bai kai labari ba. Makonni biyu da rabi kawai ke tsakaninsu, amma a cikinsu bazara ta shigo.

Ruwan akwatunan Kratky ya kai digiri 33 da la'asar. Latas ya fara miƙewa zai yi fure, ganye ya yi ɗaci, bakin ganyen ciki ya ƙone don kalsiyam ba ya isa can in shuka na girma da gaggawa cikin zafi. An ɗaga murfi: saiwar da ta kasance fara ta koma ruwan ƙasa, da santsi, in an ja ta fatar ta zame ta bar zare. Ruɓar saiwa ce da ƙwayar cutar Pythium ke kawowa. Ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko 7.5, kuma a daidai lokacin ne saiwa ta fi bukatarsa. Akwatin da ba a hura masa iska ba ya fi kowa shan wahala. An zubar da akwati biyu, an wanke ledar da bilic, an shanya a rana. Ba a kai ko kofi ɗaya daga cikinsu kusa da kwami ba.

Kwamin tsakuwa sun fi jurewa, don zuƙar da ta cuce mu a hunturu yanzu ita ke sanyaya ruwan, 29 zuwa 30. An daina cire hula da dare, an kwashe bargo, buhunan ɓuntu kuwa an bar su, suna tare zafi kamar yadda suka tare sanyi. An ɗaura ragar inuwa mai tare rabin rana, mita 2.5 daga ƙasa don iska ta wuce. Fayif ɗin da ke rana an naɗe su da buhun algarara.

6 ga Afrilu

An cire latas kwata-kwata, sai Oktoba. Masu lambu a Ƙofar Marusa sun daɗe da sanin wannan kalandar, rashin ƙasa bai canja ta ba. Alayyafo da rama sun shiga kwami na ɗaya, na biyu ɗoɗɗoya da na'ana'a, ita na'ana'ar a cikin tukunya don saiwarta na toshe saifon. Alayyafo ya karɓi wurin da sauri, ana yanka shi a bar santimita 10 ya sake tohowa. A akwatunan Kratky biyun da suka rage an gwada shi da taki kashi biyu cikin uku na ma'aunin latas. A zafi shuka ruwa take sha fiye da taki, abin da ya rage sai ya yi kauri ya ƙona saiwa.

Tumatir na zubar da fure, abin da aka sani ne in rana ta wuce digiri 35 dare kuma bai huce ba. An ga farin zane irin na sharon a ganye uku, tsutsar da ta cinye tumatirin Arewa a 2016. An tsinke an ƙona. In ta ƙaru za a tuge su duka, ba su cancanci a sa kifi cikin hatsari ba.

Kifi na cin giram 180, iyakar da aka sa musu, ko da sun nuna suna son ƙari. A kula da abu ɗaya: tarwaɗa na shaƙar iskar sama, don haka ko oksijin ya ƙare a ruwa za a gan ta tana harkarta. Bakteriya da saiwa ba su da wannan gatan. Lafiyar kifin ba hujja ba ce cewa ruwa lafiya yake, kwalbar gwaji ce hujja. Amoniya kuma ta fi dafi yanzu: a digiri 30, in pH 7 ne, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari nata ke zama nau'in mai kisa, in pH 8 ne ya haura kashi 7. Durom ɗin kashi safe da yamma ake zubar da shi, lakar na tafiya gindin zogale.

27 ga Afrilu

An kama kifi 10 mafi girma, giram 600 zuwa 700. Sauran 18 suna tsakanin 400 da 500. Abincin da aka ci tun Nuwamba buhu ɗaya ne na kilo 15 da ɗan ƙari. Ba a kwashe duka ba, don in tanki ya zama wayam shuka ta rasa taki, bakteriya su mutu da yunwa. Sababbin 'ya'ya za su fara zama a durom daban har su kai girman da ba za a haɗiye su ba.

Aikin da ke gaba kafin ruwan farko: rufin leda mai haske a kan kwami don kada ruwan sama ya cika tankin ƙasa ya malalar da taki, ƙarin turaku ga ragar inuwa saboda iskar farkon damina, da indararo zuwa durom biyu na tara ruwan sama. Ruwan saman ba shi da gishirin da ke riƙe pH, saboda haka za a gauraya shi rabi da rabi da na burtsatse, a riƙa awo sau biyu a mako.